Jawabi A Kan Kiran Ungozoma Da Wuri

Ya ku hakimai, da dagatai, da masu unguwa, da sauran ma'aikatan Sarki, an umurce ni in yi muku magana a kan ungozoma. Ni kuwa abu guda na ke so in tsaya a kansa, watau lokacin da a ke kiranta.

Kun dai san al'adarmu. Mace ta fara naƙuda, sai ta shige ɗaki ta durƙusa ita kaɗai, balle in haihuwar fari ce, kunya ba ta barinta ta yi ko nishi mai ƙarfi. Sai an ji kukan jariri, sa'an nan a aika wa tsohuwa, ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta ɗora ruwan wanka. Ba mu raina aikin nan nata ba. Amma fa in da wata matsala, zuwanta ya zama ihu bayan hari.

Ungozomar da ta yi makaranta kuwa, tun ciki yana ƙarami ta ke kama aiki. Ita ke awo, ta duba hawan jini da kumburin ƙafa, ta lalubi yadda ɗa ya kwanta. Ran haihuwa, da ɗa ya faɗo sai ta yi wa uwa allurar da ke tsuke mahaifa, gama zubar jini, in ya yi tsanani, yana iya kashe mace cikin sa'a biyu. In jariri ya fito bai yi kuka ba, ta goge shi, ta murza bayansa, ta hura masa iska da 'yar jaka tun minti guda bai cika ba. Babban saninta kuma shi ne ta gane abin da ya fi ƙarfinta, ta ce a tafi babban asibiti maza. Doguwar naƙuda ita ce uwar yoyon fitsari, yankan gishiri kuwa ba ya buɗe ƙashin ƙugu, sai dai ya ƙara ɓarna.

Ba zancen baka ba ne. A Zariya, daga 1976 zuwa 1979, Likita Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi lissafin haihuwa 22,774, suka tarar mutuwa ta fi yawa ƙwarai cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai da abu ya ɓaci aka kawo su.

To, ina rabonku a ciki? Sau da yawa ungozoma ta ce a tafi, sai a ce maigida ya tafi fatauci, ba mai ba da izini. Ku tara magidanta, kowa ya bar izininsa a gida tun ciki bai tsufa ba. Kowane dagaci kuma ya san mai motar da za a tasa ko da tsakar dare ne. Sai batun masauki. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta aika da ungozomomi ƙauyuka, da sharaɗin ƙananan hukumomi su ba su wurin kwana. Inda ba a cika alkawarin ba, da yawa suka tattara kayansu suka koma birni. Saboda haka wanda aka turo wa ungozoma ƙasarsa, ya nema mata ɗaki kusa da asibiti, ya kai ta gidan liman da gidajen tsofaffin ungozomomi, ya gabatar da ita da bakinsa.