Yaron Da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Yau maganarmu a kan wani irin yaro ce, kowa ya san shi. Ka aike shi sayen gishiri, ya dawo da labarin dambe, gishiri kuwa ya mance. A makaranta malam yana magana, shi hankalinsa yana waje. Mukan ce ƙiriniya ce, mu ɗauko bulala.

To, ba kullum ne ƙiriniya ba. Likitoci sun gane akwai wata larura ta ƙwaƙwalwa mai hana yaro tsai da hankali, suna kiranta ADHD. Yawanci gadonta ake yi. Ba iskoki ba ne, ba kuwa shan sukari ke kawo ta ba. Bulala ba ta warkad da ita.

Akwai magani? Akwai. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya gwada wata ƙwaya ga yara 30, sai wajen rabinsu suka natsu ga karatu. Wadda aka fi sani yau ita ce Ritalin. Takan yi aiki sa'a uku ko huɗu, sa'an nan ta saki. Watau ba ta cire larurar, danne ta take yi. Takan kuma rage wa yaro cin abinci, ta hana shi barci da wuri. Don haka likita kaɗai ke ba da ita, bayan ya duba yaron sosai. Kada kowa ya saya a kasuwa.

Wadansu suna cewa a bar ƙwaya, a gyara zaman gida kurum. An gwada wannan a Amurka da Kanada ga yara 579, aka ba da sakamako a 1999. Waɗanda aka ba ƙwaya sun fi natsuwa bisa waɗanda aka yi wa gyaran hali kaɗai. Amma waɗanda aka haɗa musu biyun, ƙwaya kaɗan ta ishe su.

Gyaran nan aikinku ne, iyaye, ba ya cin ko kwabo. Yaro ya kwanta lokaci ɗaya kowane dare. A bar shi ya yi guje-guje da rana. In za ka aike shi, kira shi kusa, ya dube ka, ka ba shi aike ɗaya tak, ya maimaita maka. In ya yi daidai, yabe shi nan take, kada ka bari sai gobe.

Yaron da bai kai shekara 6 ba, da wannan likitoci suka ce a fara, ba da ƙwaya ba. In an yi watanni babu sauƙi, sai ku kai shi asibiti, ku tafi da bayanin malaminsa.