Kafin Mu Ce Mata "Kada Ki Tafi": Jawabin Buɗe Bitar Masu Aiki Da Matasa



An ɗora mini nauyin buɗe wannan bita a kan jinsi da ƙaura, kuma zan fara da abin da bai kamata mu manta ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada, arewa da Arlit, dab da iyakar Nijar da Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, maza 7 kacal. Galibinsu sun fito daga yankin Kance na jihar Damagaram, wanda ba shi da nisa da iyakarmu ta Kongolam. Hausar da muke yi ita suke yi.

In an ambaci ci-rani, saurayi ne ke fara zuwa mana a rai, da ƙullin kayansa a kafaɗa. Waɗannan alkaluma sun nuna cewa ganinmu bai cika ba. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta nuna kusan rabin masu ƙaura tsakanin ƙasashe mata ne. Duk horon da aka tsara a kan saurayi kaɗai ya bar rabin aikin a baya.

Na san kalmar "fafutukar 'yancin mata" tana sa wasunmu gyaran zama. Abin da muke nufi da ita a wannan zaure mai sauƙi ne: mu ɗauki mace a matsayin mai hankali da dalili, sannan mu binciki yanayin da ya tura ta hanya. Ruwa ba ya tsami banza. Matar da aka saka da yara huɗu, babu gona, babu jari, ta yi lissafi kafin ta hau mota. Wanda zai taimake ta dole ya san wa ya yanke shawarar tafiyar, wa ya biya kuɗin mota, kuma hannun wa kuɗin aikinta ke shiga.

Ni kaina na koyi wannan a makare. Wata ɗalibata ta aji shida, wadda ta fi kowa iya lissafi, ta daina zuwa bayan hutun ƙarshen zango. Na yi ta rubuta "ba ta zo ba" a rajista har mako uku kafin na taka zuwa gidansu. Ashe an kai ta aikatau birni, ladanta kuma yana bi ta hannun matar da ta ɗauke ta. Mahaifiyarta ba ta ɓoye mini komai ba: kayan ɗakin yarinyar take tarawa. Da na zo da wuri, da wataƙila mun sami wata mafita.

Saboda haka, abu na farko da za ku koya shi ne sauraro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar da aka tarbe ta da faɗa za ta yi shiru, sannan ta tafi a ɓoye, kuma mai tafiya a ɓoye ita dillali ya fi so.

Na biyu, ku san doka. Wanda aka biya ya tsallakar da mutum iyaka daban yake da wanda ya yaudare shi don ya ci da guminsa. Yarjejeniyar Palermo ta 2000 ta fayyace cewa in wanda aka yi fataucinsa bai kai shekara 18 ba, yardarsa ba hujja ba ce. A Nijeriya, hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ke da alhakin irin waɗannan ƙararraki. Ku kuma sanar da duk mai shirin aikin gida a ƙasashen Larabawa cewa fasfonta nata ne, kada ta yarda ta tafi ba tare da rubutacciyar yarjejeniya da ta fahimta ba.

Na uku, ku kula da wadda ta dawo. Namiji in ya dawo hannu rabbana, a ce bai dace ba. Mace kuwa sai a bi ta da tsegumi, har ta gwammace ta koma inda ta sha wuya. Ku zauna da samari, da iyaye, da masu unguwanni a kan wannan, domin gyaran ba na mata kaɗai ba ne.

Roƙona ga reshenmu biyu ne: kowane malami ya bi sawun ɗalibar da ta yi mako guda ba ta zo ba, kuma a sa malamai mata cikin masu ba da wannan horo, don akwai maganar da yarinya ba za ta faɗa wa namiji ba.

Allah Ya sa mu tashi lafiya.