Birki, Bakanike da Aljihun Ƙaramin Ma'aikaci



Da shugabannin ƙungiya suka aiko mini da takardar gayyata, na san wasu sun zaci zan zo da zancen siyasa ko tattalin arzikin ƙasa, kamar yadda aka saba a wannan zaure. Sai ga shi na zaɓi birkin mota. Kada wani ya ɗauka na raina taro. Galibinku nan da shekara biyu ko uku za ku kama aiki, kuma abin da ƙaramin ma'aikaci ke fara ɗora wa rai shi ne mota. Haka iyayenmu suka yi a 1975 da kuɗin Udoji suka shigo hannu, shekarar da aka soma harhaɗa Peugeot a Kaduna. Ku ma haka za ku yi, sai dai ku tsohuwa za ku saya, wadda ta gama yawonta a Turai ko Amurka kafin ta sauka Kwatano ko Legas. Ranar da ka karɓi makulli kuwa, ka ƙulla zumunci ke nan da bakanike, ko kana so ko ba ka so.

Bari in fara da abin da ya same ni. Motata ta farko ta soma wani irin kuka duk sa'ad da na taka birki. Na kai ta wani gareji. Maigidan ya zaga da ita sau ɗaya, ya dawo yana kaɗa kai, ya lissafo mini abubuwa huɗu da ya ce sun mutu, alhali ko taya ɗaya bai kwance ba. Kuɗin da ya yanka ya haura rabin albashina na wata. Na biya, domin kalmar birki kaɗai ta isa ta tsorata mai iyali. Bayan 'yan watanni na yi faci a hanya, na cire taya da hannuna, sai na ga faifan birkin da aka ce an sake yana nan da tsatsarsa da tsohon zanensa. Ƙaramin abu guda aka canja, na biya kuɗin huɗu. Na daɗe ina jin haushin mutumin, daga baya na gane cewa ba da ƙarfi ya karɓi kuɗin nan ba. Rashin sanina ya sayar mini, ni kuma na saya.

To, yaya birki yake aiki? In ka taka, ƙafarka tana tura wani famfo da kanikawa ke kira masta. Shi kuma ya tura man birki ta cikin bututu zuwa kowace ƙafa ta mota. A can akwai wani mariƙi, watau kalifa, wanda ke matse faifan da ke juyawa tare da taya a tsakanin wasu 'yan ƙarafa biyu masu shimfiɗa mai kaushi. Su ne ake kira fad. Wasu motocin a ƙafafun baya ganga ce maimakon faifai, da takalma biyu a cikinta. Gogayyar nan ce ke tsai da mota, kuma fad an yi shi ne musamman don ya cinye, kamar yadda ƙasan takalmi ke cinyewa. Na gaba ya fi saurin ƙarewa, domin nauyin mota yana faɗawa gaba in an taka birki, har ƙafafun gaba su ɗauki wajen kashi biyu cikin uku na aikin. Sabon fad kaurin shimfiɗarsa kan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko zuwa milimita 3, lokacin canji ya yi. Wannan lissafi ba ya bukatar digiri, ido da rula sun isa.

Mota kuma tana gaya wa mai ita ciwonta, in zai saurara. Siririn kuka mai kama da fito, galibi wani ɗan harshen ƙarfe ne da aka sa wa fad da gangan don ya taɓa faifai ya yi gargaɗi. Wannan fad kawai yake nema. In kukan ya koma gurnani, ƙarfe na cin ƙarfe, to an yi sakaci, wataƙila faifai ma ya tafi. In sitiyari na karkarwa lokacin da ka taka birki da gudu, faifai ne ba daidai ba. In mota na fizga gefe guda, a duba kalifa ko ya cije. In birki ya yi laushi kamar ka taka soso, iska ta shiga bututu. In kuma ka danne shi ka riƙe, ka ji yana nitsewa a hankali har ƙasa, to mai na zuba a wani wuri ko masta ya gaji, kuma wannan mota kada ta sake hawa titi sai an gyara. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: man birki kan ragu kaɗan a kwalbarsa yayin da fad ke cinyewa. Mai ƙara mai duk mako ba tare da ya duba dalili ba, toshe kunne yake yi.

Wanda ya san wannan, in ya je gareji, maganarsa ta sha bamban da tawa ta wancan lokaci. Kada ka ce, "Birkina ya lalace, a gyara." Faɗi abin da ka ji, sa'an nan ka ce a kwance taya a gabanka. In an ce faifai ya mutu, ka sani masu ƙera shi sun buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa, a gefe ko a cibiya. A goge tsatsa a karanta, a auna. In bai kai ga wannan adadi ba, kuma ba shi da tsaga ko zurfafan zane, yana da sauran rai. A raba maka kuɗin kaya da kuɗin aiki kafin a ɗaga sifana. Tsofaffin kayan da aka cire kuma naka ne, a sa maka a but. Wanda ya ƙi wannan, ya ba ka amsa.

Amma a nan sai in yi wa bakanike adalci, ko da wasunku ba za su ji daɗi ba. Mu ma'abuta biro muna da wani hali: mutum zai kwanta ƙarƙashin motarmu cikin rana da ƙura har awa biyu, in aka zo biyan ladan aiki sai mu tsaya ciniki kamar masu sayen tumatir da yamma. Yana da yara masu koyon aiki da yake ciyarwa, ga hayar fili, ga iyali. Abin da muka hana shi a lada, shi yake ɗorawa a kan farashin kaya. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, ɓoye ƙari a cikinsu ya ƙara sauƙi, domin ba wanda ya tabbata da farashin jiya. A tawa fahimta maganin shi ne ka shiga kasuwa da ƙafarka, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka taya a shago uku, ka sayo kayanka, sa'an nan ka biya mai aiki ladan da zai sa ya yi murnar ganinka gobe.

Yanzu ga abin da kowa zai iya yi da kansa, watau canja fad na gaba. Sami wuri mai daidai, mai ƙasa tauri. Ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyin baya. Sassauta notunan taya tun mota na ƙasa, sa'an nan ka ɗaga. Kada ka taɓa amince wa jak shi kaɗai. Sa matokari na ƙarfe ko ƙaton katako a ƙarƙashi. Da ka cire taya za ka ga kalifa, kusoshi biyu ne galibi ke riƙe da shi ta baya. Kwance su, ka ɗaga shi, ka rataye da waya, domin in ya yi lilo a kan tiyonsa tiyon zai ji rauni ta ciki inda ido ba ya gani. Zare tsofaffin fad. Ƙurar da ke wurin a share ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki, don ba ta da kyau ga huhu. Buɗe murfin kwalbar mai, ka mai da fistin ciki sannu a hankali da matsi irin na kafinta, kana lura kada mai ya tumbatsa, saboda yana cin fenti. Sa sababbin yadda tsofaffin suka zauna, ka tabbata ko ɗigon giris bai taɓa fuskarsu ko faifai ba. Ɗaure komai tam. Ƙafa biyu ake yi tare, dama da hagu, amma ka gama ɗaya kafin ka kwance ɗayar, don ta zame maka abin dubawa in ka rikice.

Ga wurin da nake roƙon kowa ya buɗe kunne. Bayan ka sauke mota, kafin ka sa giya, taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Fistin da ka mayar ciki bai riga ya dawo ba, takawar farko za ta tafi ƙasa fayau. Mutane sun rushe katangar gidansu a kan wannan mantuwa. Daga nan ka gwada a layin da ba jama'a, da ƙaramin gudu, kuma ka guji taka birki da ƙarfi a kwanakin farko har sabon fad ya zauna.

Iyakarka ke nan. Duk aikin da zai buɗe hanyar mai, irin su masta, bututu, tiyo da fitar da iska, a kai wa gwani har sai ka koya a hannunsa. Haka nan in fitilar ABS ta kama. Motar da birkin hannunta maɓalli ne na lantarki, ƙafafunta na baya galibi sai da na'ura ake sassauta su. Wanda ya tura da ƙarfi zai yi asarar da ta ninka ladan bakanike sau da dama.

Saura gargaɗi guda, domin na ga masu gudun tsada sun faɗa abin da ya fi tsada. Fad na jabu ya cika kasuwa, kwalinsa ya fi na gaskiya sheƙi, amma in ya ɗauki zafi a gangare shimfiɗar kan ɓalle daga ƙarfenta. Tsohon fad da aka ciro daga wata mota ma ban yarda da shi ba. Man birki kuwa, duba murfin kwalbar motarka, an rubuta irin da take sha, DOT 3 ko DOT 4. Wannan mai yana shan danshi daga iska. DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai awo 205 na zafi, amma in ya sha ruwa zai iya saukowa wajen 140, kuma in ya tafasa a bututu birki ya shanye ke nan. Shi ya sa ake sake shi kamar duk shekara biyu, kuma ake sayen wanda bakinsa ke rufe. Baƙin mai ko man giya yana kumbura robobin ciki ya kashe su. Ruwan sabulu da wasu direbobi ke ɗurawa a hanya kuwa, ban san sunan da zan ba shi a gaban malamaina ba. Ku tuna kuma, in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata ninkawa take sau huɗu.

Malam Shugaba, na ga ana nuna mini agogo. Motata na nan bayan zaure, na zo da jak, da sifana, da rula, kuma fad ɗinta na gaba ya kusa milimita 3, da gangan na bar shi. Wanda ba ya ƙyamar baƙin hannu, maza da mata, ya same ni can bayan sallar la'asar mu canja tare.