Jawabi a Kan Awon Hankali da Jiyya ta Hanyar Zance

Wannan jawabi an shirya shi ne domin hakimai da malamansu, saboda su ne akan fara kai wa kuka in wani abu ya taɓa hankalin babban mutum a ƙauye. Wani lokaci dattijo ne ya sayar da gonarsa ga mutum biyu, ya kuma rantse bai taɓa sayarwa ba. Wani lokaci magidanci ne ya tashi daga haɗarin mota, jikinsa ya warke sarai, amma hali ya sāke, har iyalinsa sun rasa gane kansa. Mutanen gari sukan gama waɗannan duka su ce hauka ne, ko iska, alhali kuwa kowane da sanadinsa, kowane kuma da maganinsa dabam.

Ma'aikata iri biyu ne ke duba irin wannan ciwo. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi ne mai ba da ƙwaya da allura. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam, wanda aikinsa biyu ne, watau ya auna hankali, sa'an nan ya yi jiyya ta hanyar zance.

Asalin awon nan shi ne an gane cewa ƙwaƙwalwa sassa gare ta, kowane sashe da aikinsa. A shekarar 1861 wani likitan Faransa mai suna Broka ya duba wani majinyaci a Paris wanda yake gane abin da aka faɗa masa, amma bakinsa ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak. Da mutumin ya rasu, aka tarar da lahani a gaban ƙwaƙwalwarsa ta wajen hagu. A 1953 kuma, a Amurka, aka yi wa wani saurayi mai suna Henri Molason aiki domin farfaɗiya, aka cire wani yanki daga kowane gefe na ƙwaƙwalwarsa. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma tun daga ranar bai ƙara riƙe sabon labari ba har ya rasu a 2008. Wata masaniya, Birenda Milna, ta sa shi yana bin zanen tauraro da fensir yana duban madubi. Kowace rana hannunsa yana ƙara ƙwarewa, shi kuwa yana cewa bai taɓa ganin aikin ba. Nan aka tabbatar abin da hannu ya koya da abin da zuciya ke tunawa ba wuri ɗaya suke zaune ba.

To, yadda ake awon kuwa, ba yanka ba allura. Masanin yakan fara da tambayar mutumin da wani na kusa da shi: yaushe abin ya fara, farat ɗaya ya zo ko sannu a hankali, an taɓa buguwa a kai ko an yi sanƙarau. Daga nan sai gwaji. Yakan faɗi lambobi a jere a maimaita masa, lafiyayyen baligi kuwa yakan riƙe kamar bakwai. Yakan faɗi kalmomi biyar, ya shagaltar da mutumin da wani aiki, bayan minti biyar ya tambaye su. Yakan ce a kawo sunayen dabbobi iyakar ƙoƙari cikin minti ɗaya. Ba maki kaɗai yake dubawa ba, yana lura da inda aka yi tuntuɓe, domin wanda ya manta kalma amma ya gane ta da aka tuna masa, ciwonsa dabam yake da na wanda kalmar ba ta shiga ba tun da fari.

Akwai abin lura babba a nan. Yawancin gwaje-gwajen an tsara su ne a Turai da Amurka domin waɗanda suka yi makarantar boko. In aka ce manomin da bai taɓa riƙe fensir ba ya zana agogo, ya kasa, wannan ba shaidar ciwo ba ce. Saboda haka masana a Ibadan suka yi aiki da wani gwaji na tsinken ashana huɗu: a jera su a wata siffa, mutum ya kwaikwaya. Tilas a auna mutum da harshensa, a kuma gwama shi da tsararsa masu irin karatunsa.

Amfanin awon shi ne rarrabewa. Ciwon damuwa yakan sa dattijo mantuwa har a zaci gigin tsufa ne, shi kuwa ana warkewa daga gare shi. Kurunta ma takan yi kama da ruɗewa. Wanda kuma aka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta raunana, iyalinsa sai su san ba taurin kai yake yi ba, su shirya masa mai kula da dukiyarsa kafin masu son zuciya su riga su.

Aiki na biyu, jiyya ta hanyar zance, ba hira ba ce ta ɓata lokaci. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda Aron Bek ya tsara a Amurka cikin shekarun 1960. Ya lura mai ciwon damuwa yakan yanke wa kansa mugun hukunci ba tare da shaida ba. Ɗan kasuwa da ya kariye sai ya ce shi ba shi da sauran amfani, ya daina fita ko masallaci, rashin fitar kuma ya ƙara masa nauyin zuciya. Masanin yakan zauna da shi sau ɗaya a mako, kamar awa guda, na 'yan watanni. Su ɗauki maganar su auna ta kamar yadda alƙali ke auna da'awa: ina shaidar da ta tabbatar, ina wadda ta rushe? Sa'an nan a ba shi ɗan aikin da zai yi kafin zama na gaba, kamar ziyarar ɗan'uwa ko komawa bakin rumfa na awa biyu. Abin da aka faɗa a ɗakin amana ne, ba a fitar da shi sai in rai yana cikin haɗari.

Dangi kuwa suna da rabo babba cikin jiyyar. A 1954 Dokta Tomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani daga cikin danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Tsarin ya yi suna a duniya.

Abin da ake roƙon hakimai shi ne abu uku. Na farko, wanda ya ruɗe farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, ko magana ta ɗauke, a kai shi asibiti nan take, kada a kwana. Na biyu, in ana shakkar hankalin mutum cikin ciniki ko wasiyya, a dakata da sa hannu har a auna shi, malamin hakimi kuma ya rubuta abin da aka gani da ranar da aka gani, ba abin da aka ji ba, gama gani ya kori ji. Na uku, a hana turu da mari da duka. Dokar lafiyar hankali da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma kare mutuncin majinyaci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri.

Allah Ya ƙara wa sarakuna lafiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.