Ina Rabon Gobir a Kuɗin Binciken Ruwa?

 

An saba idan muka taru a yi zancen albashi da ƙarin girma. Yau ina neman izinin dattawa in ɗan karkata zuwa ga wani kuɗi da ba ya shiga aljihunmu, amma muna da hakki a cikinsa: tallafin da ake ba jami'o'i domin binciken ruwa.

Bari in fara da asalin kuɗin. Bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, a 1992, gwamnati ta kafa asusun harajin ilimi a 1993, inda aka ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A wancan lokaci firamare da sakandare suna da kaso a ciki. Da yawa daga cikinmu sun koyar a azuzuwan da aka rubuta ETF a bangonsu. A 2011 aka sake doka, asusun ya koma TETFund, aka keɓe shi ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi kaɗai. A 2023 harajin ya kai kashi 3. Daga nan ne ake fitar da tallafin bincike, wani ta hannun kowace makaranta, wani kuma ta gasar ƙasa baki ɗaya, inda malami zai rubuta abin da yake son bincikawa, kwamiti ya tantance. Ba na ƙyashin abin da aka ba su. Amma tunda an ɗauke mana kasonmu, to, ya dawo mana ta hanyar ilimin da zai amfani yaran da ke gabanmu.

Me ya sa ruwa? Domin ƙasarmu ƙasar gulabe ce da ke kwana da ƙishirwa. Bunsuru da Gagare a wannan yanki suke haɗuwa su zama Rima. Gulbin Maraɗi kuwa daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar, sannan ya dawo ya same mu. Ruwan da ya wuce ta ƙofarmu shi ke cika madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai ɗaukar mita kubik miliyan 942. Mun ga ambaliyar 2010 da ta cinye gonaki da gidaje a gefen Rima. Mun kuma ga 2018, lokacin da ruwan madatsar ya janye har hankalin birnin Sakkwato ya tashi. Mu da ke sama da madatsar, damina ta zo mana da ambaliya, bazara ta zo mana da layin jarkoki.

Kowane malami a nan ya san aji a watan Afrilu. Ka kira suna, a ce maka wance ta tafi ɗibar ruwa. Garuruwan Sabon Birni da Isa sun cika da 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, rijiyar da aka haƙa wa unguwa ɗaya yanzu unguwa uku ke sha. Da ruwan sama ya sauka kuma sai fargabar amai da gudawa, kamar yadda jihar nan ta sha a 2021.

Ba a ce ba a taɓa bincike ba. Masana daga Amurka, Anderson da Ogilbee, sun yi aiki tare da hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, aka buga rahotonsu kan ruwan ƙarƙashin ƙasar Sakkwato a 1973. Wani abin da zai ba ku mamaki: shimfiɗun duwatsu da yashin da ke riƙe da ruwan, sunayen garuruwanmu suke ɗauke da su a littattafan duniya, irin su Gundumi, Taloka, Dukamaje da Wurno. Ɗalibi a Landan yana haddace Gundumi don cin jarrabawa, mu kuwa sunan dajin da muke addu'a kafin mu ratsa ne. Wannan taskar ruwa, wadda masana ke kira Iullemmeden, tarayya muke yi a kanta da Nijar da Mali. To, an haura shekara 50 da wancan rahoto. Jama'a ta ninka, rijiyoyin burtsatse sun yawaita, injinan ban-ruwa sun cika fadama. Taku nawa ruwan rijiyarmu ke sauka a shekara? Wace rijiya ce ruwanta ya gurɓata? Amsar tana buƙatar awo a kai a kai, a wuri ɗaya, shekara da shekaru.

A nan gizo ke saƙar. Malamin jami'a da ya samu tallafi yana da wa'adi, yana kuma da iyali. Ba zan zarge shi ba idan ya zaɓi ɗibar samfuri a Wamakko ko Kware ya koma gida kafin magariba. Sai dai sakamakon haka shi ne, inda aka fi shan wahala nan ne aka fi rashin alƙaluma. Wurin da ba shi da alƙaluma kuwa, idan manyan shirye-shirye irin su ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, suka zo rabo, ba shi da hujjar da zai ajiye a kan tebur.

Abin da jami'a ta rasa muna da shi: muna zaune a nan, mun iya riƙe rajista. Malamin da ke kiran suna kullum ba zai kasa duba ma'aunin ruwan sama da safe ba, ko zura igiya mai alama a rijiya ran Litinin ya rubuta zurfinta. 'Yan aji 5 da 6 ma sun samu darasin lissafi a aikace.

Saboda haka ina gabatar da shawara, ya mai girma shugaba, reshe ya rubuta wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, ya miƙa makarantunmu na cikin gari a matsayin tashoshin awo ga duk mai neman tallafi. Amma da sharaɗi. A sa alawus ɗin malami da kuɗin kayan awo a cikin kasafin tun daga farko, don mun gaji da aikin a-gode-maka. Kada a tura kowa inda ransa ke cikin haɗari. Idan kuma an kammala, a dawo nan a karanta mana sakamakon da Hausa, a gaban hakimai da iyayen yara, a bar kwafi a ofishin sakataren ilimi.

Idan taro ya amince, ina roƙon a naɗa mutum uku su tsara wasiƙar kafin zamanmu na gaba.