Jawabi: Alherin Allah Da Ƙaunar Maƙwabci

 Jawabin wannan wata ya shafi wata kalma da Kirista suke yawan faɗi, wato alheri.

A wurin Kirista, alheri kyauta ce daga Allah. Ba a sayen ta da kuɗi, ba a samun ta don ƙarfi ko wayo. Ga misali. An san Dutse da dabino. Yaro yakan ci dabinon da kakansa ya dasa. Bai haƙa rami ba, bai yi ban-ruwa ba, amma ga zaƙi a bakinsa. Haka Kirista suke ɗaukar gafarar Allah ta wurin Yesu Almasihu. Manzo Bulus ya yi bayanin wannan a wasiƙarsa ga Afisawa, sura ta 2.

To, wanda aka yi wa kyauta, me ya kamace shi? Godiya. Godiyar kuwa ba ta tsaya a baki ba. A cikin Matiyu sura ta 22, Yesu ya nuna umarni biyu da suka fi girma. Na farko ƙaunar Allah, na biyu ƙaunar maƙwabci. Ba a raba su.

Wane ne maƙwabci? Amsar tana cikin Luka sura ta 10. 'Yan fashi suka tare wani matafiyi a hanyar Urushalima zuwa Yariko, suka ji masa rauni. Manyan addini biyu suka gan shi, suka ratse. Sai ga wani Basamariye, wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba. Ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki. Ya biya dinari 2, wato ladan ƙwadagon kwana biyu. Bai tambayi asalinsa ba.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 1943 'yan mishan suka buɗe asibitin ido a Kano. Shi ne ake kira asibitin ido na ECWA. Musulmi da Kirista duk suna zuwa neman magani a can.

A nan Jihar Jigawa ma akwai masu jiran taimako. A watan Oktoba na 2024 tankar man fetur ta kife a garin Majiya, Ƙaramar Hukumar Taura. Wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. An bar marayu da matan da mazansu suka mutu. Wasu suna ɗauke da tabon ƙuna. Kafin wannan, ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje masu yawa.

Kada talaka ya ce ba shi da abin bayarwa. Mudun gero ɗaya alheri ne. Taya tsohuwa noma alheri ne. Ba da jini a asibiti alheri ne. Wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, ya karanta wa maƙwabcinsa takardar magani.

Kirista da ya cika coci da waƙa, amma maƙwabcinsa ya kwana da yunwa, bai gane alheri ba tukuna. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da juna, amin.