Dogayen Gine-ginen Duniya Da Yadda A Ke Gina Su



Duk alhajin da ya doshi Makka a shekarun nan, tun yana nesa, kafin ya yi tozali da Masallacin Harami, abin da ya ke fara hangowa shi ne wata doguwar hasumiya mai agogo a ka. An gama ta a 2012, tsawonta mita 601, faɗin fuskar agogon kaɗai ya kai mita 43. Amma duk da wannan tsawo, ita ce ta huɗu a duniya. Hasumiyar Shanghai ta ƙasar Sin tana da mita 632, Merdeka 118 na birnin Kuala Lumpur yana da mita 679, sa'an nan ga uban tafiya, watau Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828. Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya irin wannan gini ya ke tsayawa, iska ba ta kayar da shi ba, ƙasa kuma ba ta haɗiye shi ba?

Kowane magini na ƙasar Hausa ya san ƙa'idar farko: in ana son katanga ta yi tsawo, tilas a ba gindinta kauri, tana hawa tana sirancewa. Haka mutanen Shibam ta ƙasar Yaman su ka yi tun ɗaruruwan shekaru, su ka gina gidajen ƙasa masu hawa biyar har zuwa goma sha ɗaya. To, amma wannan dabara tana da iyaka. A 1891 an gina wani bene mai hawa 16 da bulo a birnin Shikago na Amurka, ana ce da shi Monadnock. Sai da kaurin bangonsa daga ƙasa ya kai kusan mita 2. Da an ci gaba a haka, da bango ya cinye ɗakunan ƙasa, ya zama an yi gini ba wurin zama.

Abubuwa biyu su ka warware wannan matsala. Na farko shi ne lif, watau akwatin da ke ɗaukar mutane sama da ƙasa. A 1854, a wajen wani baje koli a New York, wani mutum mai suna Elisha Otis ya hau dandamali aka ja shi sama, sa'an nan ya sa aka sare igiyar a gaban jama'a. Dandamalin bai faɗo ba, domin birkin da ya ƙera ya kama nan take. Daga nan mutane su ka fara sakin jiki da abin, har hawan sama, wanda a da ya fi araha saboda wahalar matakala, ya koma ya fi tsada. Na biyu shi ne ƙarfe. Bayan babbar gobarar da ta cinye Shikago a 1871, aka shiga sake gina birnin, fili kuwa ya yi tsada ƙwarai a tsakiyar gari. A 1885 injiniya William Le Baron Jenney ya gama wani bene mai hawa 10 wanda ƙwarangwal na ƙarfe ke ɗauke da galibin nauyinsa. Bango ya zama kamar riga a jikin mutum, aikinsa kare rana da ruwa kurum.

Da hanya ta buɗe, sai gasa ta tashi. A 1929 masu gine-gine biyu a New York su ka shiga tsere, kowa yana ƙara hawa don ya wuce ɗan'uwansa. Mai zanen ginin Chrysler ya sa aka harhaɗa wani dogon tsinin ƙarfe a ɓoye a cikin ginin, ya bari sai abokin gasarsa ya ɗauka ya yi nasara, sa'an nan aka ɗago tsinin ta rufi cikin kamar awa ɗaya da rabi. Ginin ya tashi mita 319. Sarautarsa ba ta cika shekara ba, don a watan Mayu na 1931 aka buɗe Empire State mai hawa 102 da tsawon mita 381. Cikin kwana 410 aka gina shi, kuma ya riƙe kambin kusan shekara 40. Sai dai an buɗe shi a tsakiyar karayar tattalin arziki, ofisoshinsa da yawa su ka daɗe ba masu haya.

Mai sauraro zai ɗauka nauyi ne babban abokin gabar dogon gini. Nauyi kam matsala ce, amma iska ta fi shi. Tana ƙara ƙarfi gwargwadon nisanta daga ƙasa, kuma in gudunta ya ninka biyu, ƙarfin turinta sai ya ninka huɗu. Dogon gini kuwa tamkar sanda ce da aka kafa a ƙasa, ana tura ta daga ka. Kafin a kai ga maganar faɗuwa ma, in gini yana rangaji fiye da kima, sai mutanen hawan sama su riƙa jin jiri kamar waɗanda ke cikin jirgin ruwa, ƙofofi na motsi, ruwa na kaɗawa a cikin kofi. A da, maganin abin shi ne a tula ƙarfe, kuɗin kuwa ya kan hau har ginin ya kasa biyan kansa.

Wanda ya sake wa wannan sana'a fasali shi ne Fazlur Rahman Khan, wanda aka haifa a Dakka, babban birnin Bangladash na yau, a 1929, ya yi karatu da aiki a Amurka. Ya lura da cewa gora, ko da ya ke cikinta rami ne, tana da wuyar lanƙwasawa, domin ƙarfinta yana jikin bayanta. Saboda haka ya kawo shawarar a jera ginshiƙai kusa da kusa a kewayen gini, a ɗaure su tam, ginin duka ya zama kamar bututu guda da ke tsaye. Da wannan dabara aka gina John Hancock mai hawa 100 a Shikago, kuma ƙarfen da ya ci a kowane murabba'in mita ya gaza na Empire State da kusan kashi 30 cikin 100. Daga baya ya ƙara wata hikimar. Kara ɗaya ko yaro ya karya shi, amma damin kara sai a yi ta fama. Ya haɗa bututu tara wuri guda, kowanne da inda ya tsaya, aka sami Hasumiyar Sears mai mita 442, wadda ta zama ta ɗaya a duniya daga 1974 har shekara 24. Alhazai sun san wani aikin nasa ko da ba su san sunansa ba: rumfunan nan masu kama da tantuna na sansanin alhazai a filin jirgin saman Jidda. A Jidda ɗin ma Allah ya yi masa rasuwa a 1982.

Lissafin injiniya amana ce, kuma akwai labarin da a ke koyar da ɗalibai a kan haka. A 1977 aka gama benen Citicorp mai hawa 59 a New York. Saboda wata majami'a da ke kusurwar filin, an kafa ƙafafunsa huɗu a tsakiyar kowane gefe maimakon a kusurwoyi. A 1978 tambayar wata ɗaliba ta sa aka koma kan lissafin iskar da ke bugun ginin ta kusurwa. Injiniyan, William LeMessurier, ya gano cewa wajen aiki an haɗa wasu gaɓoɓin ƙarfe da noti maimakon walda, kuma lissafinsa ya nuna cewa guguwa irin wadda a kan samu sau ɗaya a shekara 16 tana iya kayar da ginin in wutar lantarki ta ɗauke. Yana da damar yin shiru, don ba wanda ya sani. Sai ya tafi ya gaya wa masu ginin, ko da ya ke hakan na iya kashe masa sana'a. Aka yi makonni ana walda da dare, bayan ma'aikata sun tashi, har aka gyara gaɓoɓi fiye da 200. Jama'a ba su ji cikakken labarin ba sai a 1995.

A 1998 kambi ya bar Amurka. Tagwayen hasumiyoyin Petronas na Malesiya, masu mita 452, su su ka karɓe shi, an kuwa zana shimfiɗarsu a kan tauraro mai tsini takwas irin na adon Musulunci. A 2004 sai Taipei 101 na tsibirin Taiwan ya zo da mita 508, a ƙasar da ke fama da guguwa da girgizar ƙasa. Can kusa da ƙolinsa an rataye wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin tan 660. In iska ta tura ginin gabas, dunƙulen ya kan yi jinkirin bin sa, sai ya zama yana janyo shi yamma, rangajin ya ragu. A guguwar 2015 an ga dunƙulen nan ya yi lilo har mita guda.

Shi kuwa Burj Khalifa, an fara shi a 2004, aka buɗe shi ran 4 ga Janairu, 2010. In an dube shi daga sama, reshe uku gare shi da su ka haɗu a tsakiya kamar duwatsun murhu, kowane reshe yana tokare da sauran biyun. Yana hawa, rassan suna ja da baya ɗaya bayan ɗaya, saboda haka faɗin ginin yana sakewa daga mataki zuwa mataki. Dalili shi ne, iska in ta wuce jikin dogon abu ta kan yi wainiya a bayansa, dama da hagu, kuma in wainiyar ta daidaita daga ƙasa har sama sai ta kama kaɗa shi. Wannan sauyin siffa shi ke hana ta daidaita. A ƙarƙashin ƙasa kuma, dutsen Dubai ba shi da ƙwari, don haka aka zuba turakun kankare kusan 200, kowanne zurfinsa wajen mita 50. Ƙasar da ke manne da jikinsu ita ke riƙe da su, kamar yadda laka ke riƙe turke. A kansu aka shimfiɗa daɓen kankare mai kaurin mita 3.7. Da rani, da dare a ke zuba kankare, ana haɗa shi da ƙanƙara don kada zafi ya sa ya tsage, kuma famfo ya tura shi sama fiye da mita 600. Tsawon ginin ya kai har malaman Dubai su ka yi fatawa a 2011 cewa mazauna sama da hawa na 80 su ƙara minti biyu kafin su sha ruwa da azumi, na sama da hawa na 150 kuma minti uku, domin su kan ga rana bayan ta faɗi ga mutanen ƙasa.

Akwai kuma abin da ba a cika sa wa a hotunan talla ba. Leburorin da su ka ɗauki wannan aiki, waɗanda a wani lokaci su ka kai 12,000, galibinsu baƙi ne daga Indiya da Pakistan da Bangladash, kuma a watan Maris na 2006 sun yi bore saboda ƙarancin albashi da halin da su ke ciki. Sa'an nan mita 244 na saman ginin tsini ne kawai, ba mai zama a ciki. Ko sunansa ma bashi ne ya kawo shi: da Burj Dubai a ke ce masa, sai aka sake masa suna don girmama Sheikh Khalifa na Abu Dhabi, wanda ya ceci Dubai da kuɗi a 2009. Hasumiyar Jidda, wadda a ke son ta wuce mita 1,000, an fara ta a 2013, aikin ya tsaya cik a 2018, ba a koma kansa sosai ba sai a 2025.

Gobara ita ce ɗaya abin tsoron. Ran 11 ga Satumba, 2001, tagwayen benayen New York masu hawa 110 sun jure bugun jiragen sama da farko, amma wuta ta raunana ƙarfen, ɗaya ya rushe bayan minti 56, ɗayan bayan minti 102, mutane fiye da 2,700 su ka halaka. Tun daga nan aka ƙara faɗin matakala, aka koma kewaye su da kankare mai kauri, a wasu gine-ginen kuma ana keɓe ɗakunan mafaka jefi-jefi inda hayaƙi ba ya shiga.

Afirka ma tana da nata. Ibadan ta sami Cocoa House mai hawa 26 a 1965, Ikko ta sami ginin NECOM mai mita 160 a 1979, sabon birnin mulki na Masar kuwa yana da hasumiya mai kusan mita 394, wadda ta fi kowace tsawo a nahiyar. Amma ran 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da a ke ginawa a unguwar Ikoyi ta Ikko ya rufta, ya kashe mutane fiye da 40. Tsawonsa bai kama ƙafar na Dubai ba, ilmin gina irinsa kuwa ya shekara fiye da 100 a hannun injiniyoyi. Abin da ke raba ginin da zai tsaya da wanda zai faɗi shi ne a auna ƙasa kafin a haƙa harsashi, a gwada kankare kafin a ɗora wani hawa, kada a ƙara bene a kan abin da aka amince da shi, kuma a sami mai duba aiki wanda ba ya karɓar goro. Wannan ƙa'ida ɗaya ce, ko a hawa 163 ko a hawa uku na bakin kasuwa.